FITILAR DARE: Waƙa da Sharhi a Kan Gaggauta Kai Majinyaci Asibiti

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani, da halifofinsa, da dukkan bayin Allah na gari.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana na ɗariƙa, mazauna Zugu, wadda ake rubutawa Djougou, da na Paraku, da na sauran zangunan ƙasar Benin, wannan 'yar waƙa ce mai baiti goma, na tsara ta kuma na yi mata sharhi a kan mas'ala guda ɗaya. Mas'alar ita ce: idan ciwo ya taso cikin dare, likita ya tashi daga aiki, ƙaramin asibitin unguwa ya rufe, shin barin majinyaci a kan tabarma har gari ya waye haƙuri ne da tawakkali, ko kuwa sakaci ne wanda Allah zai tambayi bawa a kansa? Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga kalmar nan ta "bari sai da safe" ta zauna daram a bakin mutanenmu, har ana yi mata kallon natsuwa da dattako. Ni kaina na taɓa faɗinta a wani dare, kuma zan ba ku labarin abin da ta haifar in mun zo wurinsa.

Farkon batu sunanKa Mai mulkin dare,
Kai ne Ka ƙago shi, Ka ƙago safiya.

Tsira aminci gun Ma'aiki Ahmadu,
Likitan zukata, mai kira kan gaskiya.

SHARHI. Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, dare da rana duka bayin Allah ne, kuma hukuncinSa a kan rai ba ya sakewa don rana ta faɗi. Abin da ya wajaba da hantsi na ceton rai, shi ne ya wajaba a sulusin dare na ƙarshe. Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne shugaban masu tawakkali, amma ya yi umurni da neman magani, an yi masa ƙaho, kuma ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, da aka ji masa rauni a fuskarsa mai daraja, 'yarsa Nana Faɗimatu ta ga ruwa ba ya tsayar da jinin, sai ta ƙone guntun tabarma ta liƙa tokar a kan raunin nan take. Ba wanda ya ce mata ta bari sai an koma Madina. Haka kuma a yaƙin Handaƙu, shekara ta 5, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya yarda da shi, sai Annabi ya sa aka kwantar da shi a hemar Rufaida, matar da ke jinyar masu rauni a cikin masallaci, domin ya kasance kusa. To, ka ga ke nan ɗakin jinya ya fara tsayuwa a Musulunci cikin masallaci, kuma a hannun mace.

Ciwo da daddare yakan zo, ɗan'uwa,
Bai san a ce mai dakata sai safiya.

SHARHI. Cuta iri biyu ce. Akwai wadda take jira, kamar mura da ciwon baya da ƙaiƙayi, wannan babu laifi a bar ta sai an buɗe asibiti. Akwai kuma wadda ba ta jira, kuma sanin alamominta wajibi ne a kan duk mai gida, kamar yadda sanin abin da ke warware alwala ya wajaba a kan mai salla. Ga waɗanda likitoci suka haɗu a kansu.

Na farko, zubar jini ga mai ciki ko ga wadda ta haihu. Masana sun ce jinin da ya ɓalle bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba. Na biyu, jijjiga ga mai ciki, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da dishi-dishin gani. Na uku, naƙudar da ta shafe yini ko dare ba a sauka ba, domin ita ce ke kashe jariri, ta bar uwa da yoyon fitsari. Na huɗu, yaro mai zazzaɓi da ya sanƙame, ko ya kasa shan nono, ko ya suma, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, domin wannan zazzaɓin cizon sauro ne da ya kai maƙura, sau da yawa sai an ƙara jini. Na biyar, zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, wato sanƙarau. Na shida, saran maciji, musamman kububuwa wadda ta yi yawa a gonakinmu, dafinta yana hana jini daskarewa har dasashi ya riƙa zubar da jini. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, a hana gaɓar motsi a ɗauke shi a tafi. Na bakwai, amai da gudawa ba ƙaƙƙautawa. A dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi ana tafiya. Na takwas, wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannunsa ya mutu, ko magana ta sarƙe masa, da wanda ƙirjinsa ya ɗaure yana gumi, da wanda numfashi ya gagara.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan takwas, to, agogo ba shi da sauran magana a gidansa.

Ran nan da nac ce dakata, shi ko jini
Bai dakata ba har ta bar mana duniya.

SHARHI. Wannan baiti shi ne tushen waƙar, kuma ban rubuta shi ba sai da hannuna ya yi nauyi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, ina ƙaramin malami a zango, akwai wani almajirina da ya tafi fatauci Kwatano ya bar amaryarsa da cikin fari a hannun mahaifiyarsa. A lokacin babu wayar hannu. Wani dare bayan an daɗe da yin lisha, sai tsohuwar ta zo ƙofar zaurena da 'yar fitilarta, ta ce, "Alfa, yarinyar nan ta sauka lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. A taimaka mana da rubutu. Kuma wata maƙwabciya ta ce a kai ta asibiti, ni kuwa na ce mijinta ba ya nan, ban san ko ya halatta a fitar da ita ba da izininsa ba."

Na wanke allo na ba ta, na ce, "Iya, ki ba ta ta sha, a yi haƙuri a bari sai da safe, in ya so a nemi wansa ya ba da izini." Ta yi godiya ta tafi, hankalinta kwance, domin malami ya yi magana. Ni ma na koma na kwanta. Ban tashi ba sai da kururuwar mata ta riga ladan.

Asibiti yana nan cikin gari, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Akwai mai mota a bayan gidana wanda da na aika masa yaro ba zai ƙi ba. Da azahar ni na yi mata salla, mutane suna cewa kwana ya ƙare, ni ma ina cewa haka, alhali zuciyata tana gaya mini wata magana dabam. Jaririn ya rayu, yau magidanci ne, yakan durƙusa ya gaishe ni, bai san abin da ke tsakanina da mahaifiyarsa ba. Na faɗi wannan ne domin kada wani ya ce tsoho yana zargin jama'a. Fatawar daga bakina ta fito, kuma na fi tsohuwar nan laifi, domin ita ta yi abin da aka umurci wanda bai sani ba, ta tambaya.

Tawakkali aikin zukata ne kaɗai,
Aikin ƙafa tashi da neman lafiya.

SHARHI. Malaman tasawwufi sun bayyana cewa tawakkali hali ne na zuciya, wato ta dogara ga Allah, ta sakankance cewa magani ba ya warkarwa da kansa. Amma gaɓoɓi, nasu aikin shi ne riƙon sababi. Duk ɗalibi ya san labarin mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya ɗaure ta tukuna. Kuma Sayyidina Umaru, Allah Ya yarda da shi, a shekarar annobar Amwasa, da ya ji cuta ta sauka a Sham, sai ya juya da jama'arsa daga hanya. Da aka tuhume shi da gudun ƙaddara, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, kamar makiyayin da ya zaɓi fadama mai ciyawa ya bar faƙo.

In ka ce, ai ajali ba ya gaba ba ya baya, da an kai ta asibitin ma in kwananta ya ƙare sai ta mutu, sai in ce maka gaskiya ka faɗa, kuma da wannan magana na yi shekaru ina lallashin kaina. Amma ajali sirri ne da Allah Ya ɓoye, ba a ɗora mana saninsa ba, kuma ba a kansa za a tambaye mu ba. Abin da za a tambaye ni shi ne abin da na sani da abin da nake da iko a kansa a wannan dare. Wanda ya kashe mutum ma da ajalinsa ya mutu, amma shari'a ba ta saki makashin don haka ba. Ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan an yi iyakar ƙoƙari. Wanda ya shimfiɗa ta tun kafin ya ɗaga ƙafa, ya mai da ita katifar barci.

In ka ce, to, rubutu da addu'a fa? Sai in ce ban hana ba, har gobe ina yi. Amma addu'a ba ta da nauyin ɗauka, ana yin ta a kan babur, ana yin ta a ƙofar ɗakin fiɗa. Duk malamin da aka zo wa da ɗaya daga alamomin nan takwas, kalmarsa ta farko ta zama "ku tashi mu tafi", tofi ya biyo baya a hanya. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya, har ya yi kukan garuruwan da suka cika da masu fiƙihu babu likita Musulmi ko ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. A zamaninmu kuma, Shehu Abubakar Hashimu na Kiyota a ƙasar Nijar, almajirin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, ya kasance yana aika marasa lafiya tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa asibitin Tangiyeta da ke arewa da mu, wanda masu hidimar addinin Kirista suka buɗe a 1970. Babu mai cewa ya fi waɗannan bayin Allah tawakkali.

Kunya ado ce, ban da ranar haɗari,
Rai ya fi izni, ya fi tarin dukiya.

SHARHI. Malaman usulu sun ce shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Neman izinin miji kafin fita ladabi ne mai kyau a lokacin lafiya, amma ba a ajiye shi domin ya zama igiyar da za ta riƙe mace har ta mutu ba. Lalura tana halatta abin da ya fi wannan nauyi. Wanda yake cikin sallar farilla ya ga makaho zai faɗa rijiya, wajibi ne ya yanke salla ya tare shi. A mazhabarmu ta Malikiyya jinyar wanda ba shi da mai kula da shi uzuri ce ta barin Juma'a. In haƙƙin Allah ya saurara wa ceton rai, to, haƙƙin miji ya fi cancanta ya saurara. Saboda haka ina warware fatawata ta wancan dare a bainar jama'a: mace in rai ya yi halinsa, a fitar da ita ko miji yana nan ko ba ya nan, ko ya yarda ko bai yarda ba, kuma babu zunubi a kanta ko a kan wanda ya ɗauke ta. In ba a sami likita mace ba, namiji ya duba ta gwargwadon lalura.

Sai kuma kunyar haihuwar fari, wadda take sa yarinya ta cije haƙora ta ɓoye naƙuda don kada a ce ba ta da dauriya. Ya ku iyayenmu mata, ku kuka koya musu wannan, ku ne kuma za ku iya kwance musu. Ku gaya wa 'ya'yanku da surukanku cewa faɗin ciwo ba rashin kunya ba ne.

Amma dukiya, na san talauci gaskiya ne, kuma da yawa masu cewa "sai da safe" abin da suke nufi shi ne "aljihuna babu kome". Tun ranar 1 ga Afrilu 2009 gwamnatin Benin ta fara ɗaukar nauyin fiɗar haihuwa, wannan ya rage wani kaso na tsoro. Sauran kuwa, rance don ceton rai ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya sayar da akuya ya fi wanda ya yanka ta ranar sadakar uku.

Kai mai abin hawa, idan sun ƙwanƙwasa,
Ceto ya wajaba, kar ka ƙulle zuciya.

SHARHI. A nan maganar ta bar gidan majinyaci ta shiga gidan maƙwabci. Shehu Halilu a cikin Muhtasar, a babin yanka, ya kawo hukuncin da ya kamata a rubuta a ƙofar kowane mai mota. Ma'anarsa ita ce wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, akwai lamuni a kansa. Ya ba da misali da wanda yake da zare aka nema don ɗinke raunin da ya huda ciki ya hana, da wanda yake da rarar abinci ko ruwa ya hana wanda ya matsu. Ya kuma bayyana cewa mai kayan yana da haƙƙin kuɗinsa in akwai su. To, zaren wancan zamani shi ne babur ɗinka da motarka da wayarka a yau. Ya kai ɗan kabu-kabu, ka karɓi ladanka na al'ada in suna da shi, in babu ka kai su bashi ko don Allah. Amma ka ga uwa rungume da yaro yana sanƙamewa ka ninka kuɗi sau uku don dare ne, wannan cin naman wanda ya matsu ne.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umaru yana zagayen dare a Madina ya ji nishin mace mai naƙuda a wata hema, babu kowa wurinta sai mijinta, baƙo. Sai ya koma gida ya taso matarsa Ummu Kulsum 'yar Sayyidina Aliyu, ya ɗauko gari da kitse a bayansa, ita ta shiga ta karɓi haihuwa, shi yana hura wuta a waje. Wannan shi ne Sarkin Muminai. Wane ne kai da ni da za mu ce an katse mana barci?

Likita da ke kwana a zaune saboda mu,
Shi ma yana tsayuwar dare in yai niya.

SHARHI. Masana harkar lafiya sun kasa jinkirin da ke kashe majinyaci kashi uku: jinkirin yanke shawarar fita, da jinkirin hanya, da jinkirin karɓa bayan an isa. Na farko yana wuyan masu gida da malamai, na biyu yana wuyan maƙwabta da hukuma mai gyaran hanya, na uku yana wuyan ma'aikatan asibiti. Ya ku 'ya'yanmu likitoci da unguwarzoma da masu ba da magani da masu gadin ƙofa, ina yi muku bushara cewa daren da kuka raya a kan majinyaci da kyakkyawar niyya, ina fata ga Allah ya fi nafilar mai nafila, domin amfanin nafila yana tsayawa ga mai ita, naku kuwa yana ƙetarewa zuwa ga wani. Ina kuma yi muku gargaɗi cewa amanar da ke hannunku rai ce. Ku fara duba jini kafin ku duba takarda, kuma ku tausasa harshe ga baƙauyen da bai iya Faransanci ba, domin tsawa guda da aka yi masa yau ita za ta sa ya ce "sai da safe" a wani daren.

Mu kuma jama'a mu san inda za mu dosa. A nan Zugu akwai asibitin Ordre de Malte, wanda aka buɗe a 1974. Abin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi babban asibitin Paraku, tafiyar kimanin kilomita 135. Manyan asibitoci suna da masu kwana a bakin aiki, kuma kantunan magani suna karɓa-karɓar kwana a buɗe. Rufewar ɗakin da ka saba zuwa ba ta nufin duk ƙofofi sun rufe.

Shirin dare da rana za a ƙulla shi,
Ba ran ƙishirwa ne ake gina rijiya.

SHARHI. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Tun da ceton rai farillar kifaya ce a kan unguwa, to, tanadinsa ma haka. Kakanninmu fataken goro da suka bi ta wannan gari daga Kano zuwa Gwanja ba su taɓa tashi ba madugu da guzuri ba. Mu kuma Allah Ya ba mu abin da ya fi ayari, muna haɗuwa kullum a wazifa, muna haɗuwa kowace Juma'a da yamma a zikiri. Ina roƙon kowane muƙaddami ya tsayar da abubuwa biyar a zawiyarsa. Ɗaya, asusu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a, ko sefa 100 ne, a ajiye wurin amintattu biyu waɗanda ake iya tasowa da dare, ba a taɓa shi sai don majinyaci. Biyu, a rubuta sunayen masu babur da mota da lambobin wayarsu, a raba musu kwanaki, a liƙa takardar a bangon zawiya. Uku, samari masu lafiya su je a gwada rukunin jininsu, su riƙa bayarwa, domin ba da jini sadaka ce, kuma jiki yana mayar da abin da aka ɗiba. Huɗu, a zaɓi dattijai mata biyu ko uku masu rakiyar mai naƙuda. Biyar, duk magidancin da zai yi tafiya ya furta a gaban iyalinsa da shaida cewa ya ba da izini a kai matarsa asibiti duk sa'ad da bukata ta taso, domin a rufe ƙofar waswasi.

Mun gwada wannan a 'yar zawiyarmu. Daminar da ta wuce, wajen ƙarfe 2 na dare, jikar wani ɗan'uwa mai shekara uku ta sanƙame da zazzaɓi. Kafin a gama ɗaura mata zane mai babur yana ƙofa, ma'aji ya biyo su da kuɗi, wani saurayi mai irin jininta ya bi bayansu. Na gan ta kwanan baya tana wasa da ƙasa a ƙofar makarantar allo. Allah ne Ya raya ta, kuma Shi ne Ya hore sababin.

Ya Rabbi yafe jinkirin da na aikata,
Tammat bi hamdillahi, nai maKa godiya.

SHARHI. Wannan roƙo ne na mai laifi. Duk wanda ya karanta wannan ɗan littafi, ina roƙonsa don Allah ya yi wa baiwar Allah nan da na ambata addu'a, ya haɗa da ni. Ina fata Allah Ya rubuta ta cikin shahidai, kamar yadda ya zo a hadisi game da macen da ta rasu a wurin haihuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a karanta wa mata a cikin gida, a fassara wa maƙwabtanmu da Dandanci da Fulatanci da sauran harsunan gari, domin ciwon dare ba ya tambayar yare. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina roƙon malamai su gyara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya sa mu cika da imani, albarkar Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.